Tsintsiya Ba Ta Kunya

Mai Walda ne ya kafa dokar da bakinsa, shi ya sa ranar da ta juyo kansa babu wanda ya iya haɗa ido da shi.

Shi ya tara ƙungiyar 'yan keken tun ba su cika tabarma ɗaya ba. Kowace Asabar da safe sukan bar gari su hau siririyar kwaltar nan da ta ratsa tuddai, wadda in ka ga mota a kanta to ɓatan hanya ta yi. Da suka yi yawa sai aka samu masu noƙewa a baya, a yi ta jiransu a kan kowane tudu har gumi ya bushe. Mutumin naku kuwa ba a san shi da haƙuri ba. Ya samo wata tsohuwar a-kori-kura, ya yi mata waldar ƙarafan ɗora keke a baya, ya ɗiga jan fenti a agogon gudunta. Motar za ta riƙa bin bayan ayari, allura a kan jan ɗigo, ba sama ba ƙasa. Duk wanda ta wuce ya shiga mota, ya miƙa rigar ƙungiya, ya koma zagayen filin ƙwallo da la'asar tare da masu koyo. Ya sa wa motar suna Tsintsiya. Akwai wani hedimasta mai tumbi da ya taɓa roƙon a duba furfurarsa, Mai Walda ya ce masa tsintsiya ba ta kunya, abin da ta tarar a ƙasa shi take sharewa.

To, duniya rawar 'yan mata. Aka yi wa Mai Walda aiki a gwiwar dama, ya yi watanni yana ɗingishi tsakanin kujera da ƙofar shago. Da ya ce Asabar mai zuwa zai koma kan keke, 'yarsa ta zo har shagon, ta tsaya tsakanin ƙarafan ƙofa da injin walda tana magiya. Ya saurare ta tsaf, yana zuba wa sarƙar keken mai. Da ta gama ya tambaye ta ko ta ga inda ya ajiye hular kwanonsa.

Ranar Asabar, da ya isa wurin haɗuwa, sai ya ga wanda ke zaune a kujerar direban Tsintsiya ba direban da aka saba ba ne. Mijin 'yarsa ne, mai kantin magani, yaro mai ladabi wanda tun da ya shigo gidan bai taɓa ɗaga kai ya kalle shi ba. Aka ce wai direban ne ba shi da lafiya. Shugaban ayarin na yanzu, wani dogon ma'aikacin banki da suke kira Jirgi, ya faɗi haka yana kallon tayarsa. Mai Walda ya gyara rigarsa mai ruwan ɗorawa, wadda launinta ma shi ya zaɓa.

Farkon tafiyar lafiya lau. Hanya ta bi ta tsakanin gonaki, ta gangara wata ƙaramar gada, iska mai sanyi tana shiga ta wuyan riga. Ya ji daɗi har cikin ransa, daɗin da ya yi watanni yana mafarkinsa. Tudun farko ya haye shi a tsakiyar ayari. Na biyu ya haye shi a ƙarshe, gwiwar tana yi masa magana ƙasa-ƙasa. Sai ga babban, wanda suke kira Surukuwa, don ba a hawanta da wasa kuma ba a gama gaishe ta da wuri.

Tun kafin kwanar farko ayari ya ɓace masa. Ya sauke giyar keken har ta ƙare, ya sake laluba ko akwai saura, babu. Numfashinsa ya koma kamar zuga-zugi. Kowane taka feda sai ya ji kamar ana murɗa masa ƙusa a gwiwa. Duk da haka ba wannan ya dame shi ba. Kukan motar da ke bayansa ne.

Ya san kukan Tsintsiya kamar yadda ya san tarin kansa. In allura tana kan jan ɗigo, gurnani take yi mai ɗorewa. Wannan kuwa shaƙewa take, tana tari, tana neman mutuwa, ga warin kuloci yana biyo iska har hancinsa. Yaron nan jan ta yake a ƙasa da ɗigo, ya gwammace ya ƙona motar da ya wuce surukinsa. Nan take komai ya fito masa fili. Direba lafiyarsa ƙalau. Sun zauna ne, da 'yarsa da Jirgi da sauran, sun nemo mutum ɗaya a duniya da kunya ba za ta bar shi ya share shi ba. Yau su kai shi saman tudu kamar ƙwai a cokali, su tafa masa, Asabar mai zuwa ma haka, har ya zama tsohon da ake lallaɓawa. Shi za a yi wa sadaka da tudu?

Ya ɗaga hannu ba tare da ya waiwaya ba, ya yafito motar. Ta matso gefensa a ɗarare, hancinta bai kai tayarsa ta gaba ba.

"Allurar tana kan ja?"

"Baba, saura kaɗan ai, ku daure."

"Ba abin da na tambaye ka ba ke nan."

Yaron ya duƙar da kai kamar mai neman wani abu a ƙarƙashin sitiyari.

"Mayar da ita kan ja. In ka ƙara ji mini kunya a hanyar nan, kada ka sake taka ƙofar shagona."

Gurnanin ya dawo daidai. Mai Walda ya miƙe tsaye a kan feda, abin da likita ya hana shi da babbar murya. Ya ba tudun duk abin da ya rage masa, keken yana rangaji dama da hagu, gumi yana shiga masa ido. Na ɗan lokaci har ya ba motar rata, ya ji wata dariyar mugunta tana taso masa. Amma ƙarfe ba ya gajiya. A kwanar ƙarshe, ana hango bishiyar da ke saman tudun, hancin motar ya zo daidai kafaɗarsa, sai ƙofa, sai ƙarafan da ya yi wa walda da hannunsa. Ta wuce shi sarai, ba gardama.

Ta tsaya a gaba kaɗan. Yaron ya fito da sauri ya buɗe ƙofa, idanunsa sun yi ja, yana ba da haƙuri kamar shi ya ƙirƙiro tudun. Mai Walda ya sauke ƙafa ɗaya a ƙasa, ya jira numfashinsa ya dawo. Ya cire hular kwano, ya tuɓe rigar, jiƙe sharkaf, ya ninke ta yadda ake ninke kayan kirki, ya ajiye a kujerar gaba. Yaron ya kai hannu zai kama keken ya ɗora a baya, Mai Walda ya buge hannun.

"Ga ɗan ƙungiyar nan a kujera, ka kai musu. Keke nawa ne, hanya kuwa ba ta uban kowa ba ce."

Yaron ya tsaya sororo, ya ce to me zai gaya wa maiɗakinsa. Mai Walda ya ce ya gaya mata ubanta ya faɗi jarrabawa da gaskiya, kuma yau ne ya tabbatar ta auri namiji. Sannan ya ce masa ya ja motarsa ya yi gaba, Tsintsiya ba ta bin wanda ba ɗan ƙungiya ba.

Motar ta tafi, ta sha kwana, kukanta ya yi nisa har ya ɓace. Mai Walda ya mayar da hularsa, daga shi sai farar singileti. Tashi a tsakiyar tudu ba wasa ba ne, sai da ya gwada ya sake gwadawa kafin keken ya yarda. Ya ci gaba da hawa a hankali, yadda gwiwar ta ga dama. Sai a lokacin ya lura da shirun. Tsuntsaye a cikin ciyawa, iska a cikin ganye, sarƙarsa tana ɗan waƙarta. Tun ranar da ya ƙera motar nan bai ƙara jin hanyar haka ba, kullum akwai inji a bayan wani.

A saman tudun hanya ta rabu biyu. Ta dama ita ayari ke bi, can ƙasa ma yana hango rigunansu masu ruwan ɗorawa sun taru a jikin mota, ana miƙa rigarsa daga hannu zuwa hannu. Ta hagu kuwa shekara da shekaru yana cewa wata rana zai ga inda ta nufa, dokar ayari ba ta bar shi ba. Ya kurɓi ruwa, ya ɗaga musu gorar sama don su san ya iso da ƙafarsa, ya karya kan keken hagu.