Robar Maganin Caina

Tun da na tashi da safe na ga babu robar nan a ƙarƙashin katifa, ƙafata ba ta sake zama wuri guda ba. Na zazzage kwalla, na kife samira, har tukunyar miya na leƙa, sai ka ce roba tana da ƙafa.

Koriyar roba ce mai rubutun Caina. Maigidana Jatau ya saye ta ranar kasuwar Mafara, gun masu mota da lasifika, tare da wani ganyen shayi mai ɗaci da aka ce yana buɗe ciki. Shayin nakan sha, don malamar asibiti ta duba ta ce ba laifi in dai na ba da tazara. Amma ƙwayoyin cikin robar ba na Caina ba ne. Maganina ne na ƙanjamau, wanda ni da Jatau muke zuwa har Gusau mu karɓo don kada idon sani ya gan mu. Ni na juye su ciki, saboda a gidanmu ko allura ka aje sai an tambayi ta wa ce.

Ga ni da cikin wata takwas. An ja mani kunne, in ina son ɗan nan ya fito lafiya kada in yi fashin sha. Shi kuma Jatau ya bi motar shanu Legas da nasa a aljihu.

Maƙwabciyarmu ce ta ce ta ga Inna, uwar mijina, ta fita da ita ƙulle a bakin zane, za ta Bakura duba ƙanwarta Nagode mai ciwon ƙafa. Wata da watanni Inna na yabon maganin nan, wai shi ya maido ni mutum bayan na rame kamar sillen kara. Ita kuma a wurinta rowar magani ta fi rowar abinci muni.

Na tare kabu-kabu na hau da tulun cikina. Ko albasar da ake kwasa a fadamun Bakolori ban kalla ba, ni dai "ƙara wuta" nake ce wa yaro mai babur ɗin, yana cewa, "Hajiya, ki tausaya ma cikin ga." A Bakura aka ce ai sun wuce Maradun wurin bikin suna. Mai ciwon ƙafar ma har da ita! Haushi kamar in ciji hannuna.

Na iske tsakar gidan sunan cike da mata. Inna na zaune bisa tabarma, robata a cinyarta, tana ƙulla wa kowa 'yan ƙwayoyi a ƙyallen leda.

"Yawwa, ga mai maganin nan," in ji ta. "Ku dube ta da kyau. Bara war haka iska na ɗaukar ta."

Na durƙusa na gaishe ta, na gaida Nagode, aka tambayi gida da gajiya da mutanen Mafara, ni kuwa idona na kan ledojin da ke shigewa bakin zannuwa.

"Inna, maganin na zo amsa."

"Haba Taiba. Tun daga Mafara? In mijinki ya dawo ai sai ya sayo maki wani."

"Wanga ba a sayar da shi, Inna."

Mata suka fara kallon juna. Wata ta ce 'yan zamani ke nan, ko ciwo ba su tausayi.

Na roƙe ta mu shiga ɗaki. Na rufe ƙyaure. Tsoro nake ji, ba na ɓoyewa, don na san matan da aka kora gidansu kan abin da bai kai wannan ba. Na faɗa mata sunan ciwon, na faɗa mata abin da zai sami jikanta in na daina sha.

Jatau ɗan farinta ne, ba ta taɓa kama sunansa ba.

"Shi ma?"

Na gyaɗa kai.

Ta gyara lulluɓi ta fita, na bi ta ina jiran in ji ta tona ni. Sai na ga ta tsaya gaban matar farko ta shimfiɗa tafin hannu.

"Ku maido mani. Na fasa."

"Kyautar, Tabawa?" in ji Nagode. "Da girmanki?"

"Da girmana. Ku je ku ce Tabawa marowaciya ce."

Haka ta bi su ɗaya bayan ɗaya, tsohuwar da ko bashin barkono ba ta taɓa bi ba, suna kwance bakin zane suna tsaki. Da ta gama ta ɗebo ruwa a moɗa, ta miƙo mani tare da robar.

"Sha gabana," in ji ta. "Rana ta yi."