Kwalekwale Mai Nauyi

Saura kwana tara iƙamar Hadjara, takardar izinin zamanta a Jidda, ta mutu, shagon da take aiki a unguwar Bagdadiyya kuma ya rufe. In ba ta samu sabon kafili ba, wato ubangidan da zai tsaya mata a sabunta takardar, sai komawa Chadi. Wannan ne ya kai ta wani tsohon gidan dutse a unguwar Balad, inda Ustaza Bayan, mai gidan nuna zane-zane, ke neman wanda zai riƙa yi wa baƙi bayani.

Su uku ne masu nema: ita, da Nasir, da wata mai suna Rana. Ustaza ta tsayar da su gaban wani hoton Japan, irin wanda ake sassaƙa katako, a shafa masa launi, a danna kan takarda. Ruwan sama na zuba a karkace, maza biyu sun duƙa cikin kwalekwale, tsuntsaye na biye da su.

"Yalla, me kuka gani?"

Nasir mai digiri biyu ya gyara zaman tabarau, ya ce ruwan nan hawaye ne, duƙawar kuwa sallamawa ce ga ƙaddara. Rana ta ɗora da cewa tsuntsayen rayuka ne masu barin duniya. Saura kaɗan su yi wa bayin Allahn nan jana'iza.

Sai aka zo kan Hadjara. Ba ta san komai game da Japan ba, amma a bakin Tafkin Chadi ta tashi, mahaifinta masunci ne.

"Ustaza, ni murna na gani," in ji ta. "Dubi bakin jirgin, saura yatsa biyu ruwa ya shiga. Jirgin da ba kaya a sama yake yawo, wannan shaƙe yake da kifi. Tsuntsu kuma ba ya bin wanda ya dawo hannu rabbana. Duƙawar nan tuƙi ne, sauri suke. Ga hayaƙi can a gaɓa, matan sun riga sun hura wuta."

Nasir ya matsa har hancinsa ya kusa taɓa gilashin da ke rufe da hoton. Hayaƙin na nan, siriri, inda ta nuna.

Ustaza Bayan ta ƙura wa hoton ido. "Makon da Abuya, mahaifina, ya rasu na sayi hoton nan," ta ce a hankali. "Shekara shida ina kallonsa a matsayin makoki. Ashe gida suke dawowa."

Ta goge ido da gefen gyale, ta miƙa wa Hadjara hannu. "Halas, shi ke nan. Kawo iƙamarki, ya binti."

Hadjara ta sauko matakala daɗi kamar ya kashe ta. Tun kafin ta kai titi ta kira gida.

"Baba, kifinka ya samar mini aiki a Jidda."