Motar da Haske ta gani a fakonsu

Haske ta sauke tiren kopto, kwaɗon zogalen da take talla, a bakin rumfar Ibrah, inda ake sa wa waya caji, ta tarar maza, har da liman, sun yi cincirindo a kan waya guda. Ranar kasuwar Filingue ce. Ita dai tata wayar ta zo karɓa, amma babu wanda ya waiwayo, sai ta leƙa ta ƙarƙashin hannun wani.

Jar ƙasa ta gani a fuskar wayar, da duwatsu a warwatse, da wani tudu mai shimfiɗaɗɗen kai can baya. Wata mota mai ƙafa shida da dogon wuya tana tsaye a tsakiya, ta miƙa hannu tana huda ƙasa.

Nan take ta gane wurin. Fakonsu ne. Filin da mahaifinta ya bar mata ita da Inna a gindin tudu, wanda ko ciyawa ba ta cika fitowa ba. A satin da ya wuce Baba Dodo, ƙanin mahaifinta, ya ce wani mai tifa yana son wurin don ya haƙi marmara. Ta sunkuyar da kai don kunya. Ya ce yau da la'asar zai kai mutumin ya gani. Ashe har sun fara?

"Ibrah, wa ya ba su izini?" ta tambaya a hankali.

Ibrah ɗan kawunta ne, abokin wasanta. Ya ɗago ya dube ta.

"Izinin mi, baiwata?"

"Hilinmu na wanga. Ga tudun nan."

Mazan suka fashe da dariya. Ibrah har da riƙe ciki.

"Ke, wagga Maris ta! Wata duniya ce can sama. Amerikawa sunka aika motar, ta yi wata da watanni tana tahiya."

"Ina direban?"

"Babu direba."

"To wa ya ɗauki hoton?"

"Ita ta ɗauki kanta."

Haske ta sake leƙa wayar. A lakwal, makarantar boko, an ce musu duniya ƙwallo ce, daga nan aka cire ta daga karatu. Ba wanda ya ce akwai ta biyu. Kuma Ibrah ya taɓa ce mata an hana mata cin tsire ranar Lahadi, ta yarda har wata guda.

"Mi take nema?"

"Alamar ruwa. An ce da can akwai, ya ƙahe."

"Haka babana yake cewa a kan hilinmu."

Dariya ta ƙaru. Haske ta ja mayafi ta rufe baki. Ta bar tiren wurin Bintu mai ƙosai, ta hau amalanken da ke komawa ƙauye. Duk hanya tana juya maganar. In sama ce, me ya riƙe duwatsun ba su faɗo ba? In kuma ƙarya ce, me ya sa har liman yana cikin masu kallo?

Da ta isa fakon ta bi shi gefe zuwa gefe tana duban ƙasa. Babu sawun taya, sai na awaki. Amma ga jar ƙasar, ga tudun, ga duwatsun kamar yadda ta gan su. Ta tsaya a kan ramukan rabin wata na tare ruwan sama da mahaifinta ya fara haƙawa tare da ƴan furojen raya ƙasa, kafin soja su karɓi mulki furojen ya tattara ya tafi. A cikin biyu daga ciki akwai busasshiyar ciyawa. Ba ta taɓa lura ba.

Tana nan tsugune sai ga Baba Dodo a bayan babur ɗin Albarka mai tifa.

"A'a, ɗiyata, ke da ke kasuwa?"

Ta gaishe shi, idonta a ƙasa. Albarka ya fara taka filin yana auna shi da ƙafa.

"Baba," ta ce, "ba ni badawa."

"Mi kika ce?"

"Hilin. A bar shi."

"Wanga fako? Mi za ki yi da shi? Ko jaki ba ya tsayawa nan."

"An aika mota sama tana tona irinsa."

Baba Dodo ya dubi Albarka. Albarka ya dubi Haske.

"Wace mota? Ta wa?"

"Ban sani ba. Ba ta da direba."

"Sama ina?"

"Ban sani ba, Baba. Amma ba su samu ko ciyawa ba. Mu ga tamu."

Ta nuna ramin. Dattijon ya sunkuya ya tsinki ciyawar, ya murza ta a yatsunsa. Ya daɗe yana kallon ciyawar. Sannan ya kare ido da tafin hannu ya ɗaga kai sama, inda babu komai sai shirwa guda.

Albarka ya tayar da babur yana gunaguni. Haske ta ɗauki wani jan dutse, ta juya shi, ta sake juya shi, sannan ta dasa shi a bakin ramin, inda ruwan bara ya karya gefen, don ya tare na bana.