Hannu Shida a Zauren Kansiloli

"Honarabul, tsaya. In ka shiga zauren nan a haka, yau za a yi maka yankan baya kana zaune."

Malama Rahma ce, magatakardar majalisar kansiloli, ta tare Sammani a bakin baranda tun bai gama kafe babur ɗinsa ba. Takardu biyu ta miƙa masa. Ya duba ta ƙasan, ya ce ai wannan ya san ta ciki da bai: ƙudurin dokar da za ta ba manyan manoman shinkafa izinin dasa injinan jan ruwa a saman kanal, wato mafarin babbar hanyar ruwan noman rani. Shi kuwa mazaɓarsa a ƙarshen kanal take, inda ruwa ke isowa a gajiye ko ba a tare shi ba. In aka dasa injinan, tumatir da albasar mutanensa sun ƙone ke nan, har da gonar babban ɗansa Badamasi, wanda ya riga ya rantse in ruwa ya yanke bana Legas zai tafi, ya bar masa mata da jariri.

"Ba wannan ba," in ji ta. "Ta saman da kake ninkewa. Ƙa'idar muhawara ce, ita za a fara jefa wa ƙuri'a. Rabin awa za a ba ku gaba ɗaya, waɗanda suka fi daɗewa a majalisa su fara magana, a yi ƙuri'a da murya, a gama komai yau. Waye sabon shiga a cikinku?"

"Ni ne."

"To kafin a zo kanka lokaci ya ƙare."

Sammani ya sake duban takardar. Kwana uku ya yi yana bitar jawabinsa a kan kunyar gona, yana yi wa tumatir bayani. Ashe ba za a ma bar shi ya buɗe baki ba.

"Ni ba ni da ƙuri'a, rubutu ne aikina," ta ce, ta rage murya. "Amma littafin majalisa ya ce in shugaba ya yanke hukunci da murya, duk kansilan da ya miƙe kafin a karanta batu na gaba yana da ikon cewa a ƙirga. Kafin a karanta, Honarabul. Ba bayan an karanta ba."

Zafin bazara ya cika zauren, ga shi an ɗauke wuta, fankoki sun tsaya cak. Manoman ƙarshen kanal sun ji labari sun zo, ba a bar su sun shiga ba, sai suka jeru a jikin tagogi. Honarabul Iliyasu, jagoran majalisa, wanda kowa ya san shi ya kawo ƙudurin, ya nemi a rufe tagogin.

"Mu dahu kamar ɗanwake?" in ji shugaban majalisa, Alhaji Dattijo, yana fifita da fayil. "A bar su."

Aka yi addu'a. Iliyasu ya miƙe ya karanta ƙa'idar a guje, kamar mai gudun kada mota ta bar shi. Su goma ne masu ƙuri'a, shugaba ba ya jefawa sai an yi kunnen doki. Sammani ya dafa tebur ya tashi.

"Ranka ya daɗe, ina da gyara. A ba kowa minti biyar, babba da ƙarami. A ɗage muhawarar zuwa Alhamis ta sama, a buɗe ƙofa mutane su ji. In an zo ƙuri'a a ɗaga hannu, a rubuta sunan kowa."

Iliyasu ya yi dariya har yana gyara hula. "Honarabul mai tumatir! Ka iya karanta ƙa'idar kuwa, ko karanta maka aka yi?"

"Karanta mini aka yi, Honarabul. Shi ya sa na ji ta da kyau."

Aka yi ƙus-ƙus a taga. Wani daga cikin kansilolin ƙasan kanal ya mara wa gyaran baya. Alhaji Dattijo ya ce masu goyon baya su ce e. Muryoyi huɗu suka fito, ɗaya ma da tari. Masu adawa su ce a'a. Iliyasu ya saki wata murya da ta girgiza kwanon rufi, mutanensa na dukan tebur.

"Masu a'a sun yi rinjaye." Guduma ta sauka. "Magatakarda, batu na gaba."

Sammani ya dubi teburin magatakarda. Ya ga Malama Rahma ta lashi yatsa, ta kama gefen takarda, tana juya ta a hankali, a hankali, kamar mai tsoron kada ta yage. Bai san lokacin da ya miƙe ba.

"A ƙirga, ranka ya daɗe! A ƙirga!"

"An wuce wurin!" in ji Iliyasu. "Guduma ta sauka!"

Alhaji Dattijo ya dubi magatakarda ta saman tabarau.

"Ranka ya daɗe, ban karanta komai ba tukuna," ta ce.

Tsohon ya yi ajiyar zuciya. Ko ina ya karkata, littafi littafi ne, ga kuma idanu a taga. "Masu goyon bayan gyara, ku ɗaga hannu."

Hannu huɗu suka tashi. Sammani ya ƙirga, ya sake ƙirgawa, ba su ƙaru ba. Sai Honarabul Jaji, Bafillacen da ke wakiltar rugagen da suka zauna a gefen gonaki, ya tofar da tuƙar goro a hankicinsa.

"Ni ɗazu ban ce e ba, ban ce a'a ba, goro ne a bakina. Amma shanuna ba a saman kanal suke shan ruwa ba." Ya ɗaga dogon hannunsa.

Biyar. In aka tsaya a nan, biyar da biyar ne, shugaba zai raba gardama, kuma ba wanda bai san cewa ƙanensa na da gonar shinkafa a sama ba.

A nan ne Sammani ya lura da Amiru, matashin kansilan da Iliyasu ya tsayar, wanda ɗazu ya fi kowa dukan tebur. Ya sunkuyar da kai kamar mai neman allura. A tagar da ke fuskantarsa wani tsoho ne tsaye, ya riƙe ƙarfen da hannu biyu. Malam Sagiru ne, manomin albasa a ƙarshen kanal, mahaifin Khaulat matar Amiru. Shekara shida da auren, Amiru bai taɓa cin abinci a gabansa ba, bai taɓa gaishe shi da takalmi a ƙafa ba. A cikin hayaniyar murya kowa na iya ɓuya. Hannu kuwa mai shi ake gani.

Hannun Amiru ya fara tashi. Ya tsaya a kunne, ya ɗan yi jim, ya wuce hula.

"Amiru!" Iliyasu ya daka tsawa. "Susa kake yi ko ƙuri'a?"

"Ƙuri'a ce, yallaɓai," ya ce, bai ɗago ba. "Baba na taga."

Dariya ta ɓarke ciki da waje, har Alhaji Dattijo sai da ya rufe baki da fayil. Malama Rahma ta kira sunaye ɗaya bayan ɗaya tana rubutawa. Shida da huɗu. Guduma ta sake sauka, wannan karon kabbara ce ta biyo ta daga tagogi.

A waje aka yi wa Sammani caa. Wani ya cusa masa rake a hannu, wani ya ɗauke masa hula ya ɗaga sama, Iya Talatu mai sayar da shinkafa da wake a bakin sakatariya ta rangaɗa guɗa ta ce yau farantinsa kyauta ne har da ƙwai. Jaji ya wuce yana cewa, "Mai tumatir, ashe kana da murya!" Malam Sagiru kuwa ya hau kekensa ya tafi, bai ko waiwayi surukinsa ba.

Da ƙyar Sammani ya zame ya tsaya a gindin darbejiya, ya kira ɗansa. Bakinsa ya ƙi rufuwa don murna.

"Baba, an soke dokar?"

"Ba a soke ba. Amma mun kayar da su, Badamasi. Ranar Alhamis kowa zai ji ni, minti biyar cur, kuma kowa zai ɗaga hannu a gaban jama'a."

"To ruwan fa, Baba? In kwance jakata?"

Sammani ya dubi baranda. Iliyasu ya dafa kafaɗar Amiru, yana yi masa magana a kunne.

"Je ka ba albasarka ruwa, ruwan yau naka ne," ya ce. "Na Alhamis kuma ban sani ba tukuna."