Kukan Birkin Motar Sharifa

Maikano ya tsufa a gyaran mota. Rumfarsa tana bakin titi a Wudil, gab da gada, kuma duk direban da ya kawo masa mota ya san ba ya fara taɓa sifana sai ya saurara tukuna. Zai ce a tayar da inji, ya karkata kai, sannan ya faɗi inda ciwon yake.

Malama Sharifa ungozoma ce, kullum tana tuƙa ƙaramar motarta daga Sabon Gari zuwa wurin aikinta a Darki. Maikano ne ya canza mata takalman birki na gaba da fayafayansu. Ba a jima ba ta dawo. Bayan sun gaisa, ta tambayi iyali, ta ce, "Baba, tun da aka yi aikin nan motar take wani siririn kuka. Kamar ana wasa wuƙa."

"In kin taka birki ne, ko tana cikin tafiya?"

"Duka biyun. Ya fi yawa in na karya kwana."

Ya karɓi makulli ya zaga da motar har gada ya dawo. Bai ji komai ba. Ya ce mata sabon takalmi yakan yi haka kafin ya zauna a kan faifai, ta ƙara haƙuri zai daina. Ta yi godiya ta tafi.

Ranar Juma'a, ana tsaka da hayaniyar kasuwar shanu, sai ga ta kuma. Wannan karon fuskarta ba walwala. Ta ce jiya ta ɗauko wata mai naƙuda, tsoro ya hana ta gudu, gani take birkin zai tsinke a hanya.

"Shigo mu je tare," in ji Maikano.

Ya ja motar suka nufi hanyar Kausani inda babu cunkoso. Ya sauke gilasai, ya rage gudu, ya karkata kai yadda ya saba.

"Ga shi nan, Baba," ta ce. "Ka ji?"

Yana jin rurin inji, yana jin tayoyi a kan kwalta. Ban da su babu komai. Ya taka birki a hankali, ya saki, ya sake takawa. Wata mata da ke tafe a gefen hanya da ƙwarya a ka ta waiwayo tana yamutsa fuska. Wani mai babur ya zo daidai tagarsa ya nuna tayar gaba da yatsa, ya wuce.

Maikano ya juya motar suka koma.

A rumfa ya ɗaga ta da jak, ya kwance tayar dama. Takalman suna zaune daidai, ƙusoshi a ɗaure, babu tsakuwa a maƙale. Ya juya faifan da hannu, ya dafa ƙarfen da yatsunsa, sai ya ji wata 'yar karkarwa tana zuwa tana wucewa. Ya leƙa bayan faifan. Siririn kwanon da ke kare faifai daga ƙasa ya ɗan lanƙwashe, gefensa ya yi fari fat saboda guga. Wataƙila shi da kansa ya bige shi ranar da yake aikin. Ya miƙar da shi, ya mayar da taya.

Suka sake fita. Da suka yi nisa ya ga ba shi da hanyar sanin ko aikin ya yi. Dole ya tambaye ta.

"Malama, ya daina?"

Ta dube shi, sannan ta mayar da idonta ƙasa. "Ya daina, Baba. Allah ya saka da alheri."

Da yamma ya koma gida. Matarsa Talatu tana tsakar gida tana tuƙa tuwo. Ya zauna a kan tabarma bai cire takalmi ba, ya ba ta labarin abin da ya faru.

Ta ajiye muciya. "Malam, ai mun daɗe da sani."

"Ku wa?"

"Duk gidan nan. Wayarka takan yi ta ƙara a aljihunka sai an taɓa ka. Sharifa ma ba ita ce ta farko ba. Auta mai faci ya ce akwai direbobin da suka koma wani gareji, sun ji nauyin gaya maka."

"Ke kuma me ya hana ki faɗa?"

"Na ga da kunnen kake ci da mu. Ban san ta inda zan fara ba."

Sai a lokacin ya lura da yadda take ɗaga murya, tana kallon fuskarsa in za ta yi magana. Bai iya tuna yaushe ta fara hakan ba.

Ɗansa Jamil ya kai shi asibiti a Kano. Aka sa masa wani abu a kunne, aka ce ya ɗaga hannu duk sanda ya ji sauti. Ya ɗaga a farko, daga baya ya zauna yana jira, likitar tana ta danna na'ura. Ta ce dogon zama cikin bugun ƙarfe da rurin inji ne ya cinye masa jin siraran sauti, kuma abin da ya tafi ba ya dawowa. Akwai na'urar da za ta taimaka wajen hira da mutane, amma ba ta yi masa alkawarin komai game da mota ba.

Bai rufe rumfar ba. Yana canza mai, yana ɗaure abin da ido ke gani. In wani ya zo ya ce motarsa na kuka, sai ya kwatanta masa garejin Abdulbaƙi a tsallaken titi. Tsofaffin direbobi sukan tsaya su gaishe shi da babbar murya, su tambayi jiki, sannan su tsallaka da motocinsu.