Tabon Cikin Marcelina

Duk unguwarmu a Narvacan an san Jovelyn ba 'yar Loring ba ce, ban da ita Jovelyn ɗin da gwamnatin Amurka. Ba wanda ya taɓa faɗa. Kunnen yarinyar kawai muke kallo, mu kalli na Marcelina mai tuyar kifi a bakin coci, ƙanwar Loring, sai mu yi tari.

Uwarsu ce ta jawo, Nana Sion da ke Hawai. Ita ta shigar wa Marcelina takardar ɗauka zuwa Amurka a layin 'ya'yan da ba su yi aure ba, layin nan da ake shiga da ƙuruciya a fito da furfura. Kullum a waya gargaɗinta ɗaya ne, kada a yi aure, kada a ji komai. Marcelina ta kiyaye rabi. Auren dai ba ta yi ba, amma wani mai gyaran rediyo daga Vigan ya gyara abin da ba a kai masa ba, ya ɓace. Nana Sion ta yi kuka, ta ce matan cocinsu sun tabbatar mata mai ɗa ba ta wucewa. Sai Loring, mai miji ba haihuwa, ta soma cusa matashin kai a riga. Suka tafi Baguio wai shan iska. Can aka yi wa Marcelina tiyatar haihuwa da sunan yayarta, suka dawo jaririya na hannun Loring, Marcelina kuwa tana tafiya a duƙe, wai ciwon baya.

Haka yarinya ta kai shekara sha tara tana ce wa Marcelina Anti. Anti ke taje mata kai, Anti ke zama a kanta in zazzaɓi ya kama ta, ranar karɓar kyauta a makaranta kuwa Loring ke hawa dandamali.

Da layi ya zo, aka kira Marcelina gwajin lafiya a Manila. Nan kowa a unguwa ya zama likita. Aka ɗura mata madarar gwangwani don huhu ya fito fari a hoto, aka sa ta haɗiyar tafarnuwa saboda hawan jini, har masu sayen kifi suka fara tsayawa nesa. Loring ce ta tuna da babbar matsalar.

"Tuɓe ki za su yi fa. Tabon nan, me za ki ce?"

"Manang, me zan ce?" Ko a rigima ba ta kiran yayarta da suna, sai Manang, wato Yaya.

"Ƙari. Ƙari ne aka cire miki. Faɗi in ji."

Gwiwar Loring ba ta jure doguwar tafiya a mota, don haka Jovelyn ce ta raka Marcelina, tana riƙe da jaka.

Huhu ya fito tas, jini ma haka. Sannan aka shigar da ita wurin wata likita mai gilashi da sanyin hannu, ta sa ta kwanta, ta ɗaga rigar. Ta daɗe tana duban layin nan da ke ƙasan cibiya.

"Mace ko namiji?"

"Ƙari ne, likita."

"Ƙari." Ta dube ta ta saman gilashi. "Baiwar Allah, ba kama ki zan yi ba. Tambaya ce kawai, kin taɓa haihuwa?"

Ta ƙofa Marcelina tana jin dariyar Jovelyn, wadda ta riga ta yi ƙawa a layi. Ta ƙura wa silin ido.

"Ban taɓa ba."

Likitar ta rubuta, ta ce a je ɗakin rigakafi.

A bencin masu jiran allura suka tarar da wata ƙatuwar mata daga Pangasinan tana fama da yara uku, babbar cikinsu budurwa. Irin matan nan ne da ba sai an tambaye su ba.

"Ubana ne ya ɗauke ni," ta ce, tana make ƙaramin da ke lasar bango. "Layin marasa aure. Ke ma? Ai na gani a fuskarki, mu duk mun bushe."

"Yaran fa?" in ji Marcelina. "Na wa ne?"

"Nawa mana! Uba uku, aure babu ko ɗaya, na gode wa Allah. Aure suka hana, 'yar'uwa, ba su hana haihuwa ba. Duk wanda bai kai ashirin da ɗaya ba yana bin uwarsa. Wannan taki ce? Kunnenku ɗaya."

"'Yar yayata ce."

Marcelina ta miƙe ta ce fitsari take ji. A bayan gida ta kulle ƙofa ta kira Loring.

"Manang, da ta bi ni. Tun farko da ta bi ni! Ba a hana ba."

Loring ta ce, "Wa ya gaya miki?"

"Zan koma wurin likitar in faɗi gaskiya."

"Koma. Ki ce mun yi wa asibiti ƙarya, mun yi wa hukuma ƙarya, yanzun nan kuma kin yi mata ita ma. Sai kotu, sai gwajin jini, kafin a gama yarinya ta wuce shekarun. Nanang, uwarmu, ta haura tamanin, in ta mutu takardar ta mutu. Ki rasa can, ki rasa nan." Muryarta ta karye. "Kuma ni fa? Wa zai gaya mata ni ba kowa ba ce?"

Marcelina ta wanke fuska ta fito. Hanyar benci ta gaban ɗakin likitar ta bi, ƙofar ma a buɗe take, matar na zaune ita kaɗai tana goge gilashi. Marcelina ta tsaya. Likitar ta ɗago.

"Kin manta wani abu?"

"A'a, likita."

Ta koma ta zauna. Jovelyn ta ɓare mata dafaffen ƙwai, ta ɗan zungure ta da gwiwar hannu.

"Anti, kin ji matar nan? Kash! Da ke kika haife ni, da yanzu ni ma ana huda mini hannu."

Marcelina ta yi dariya har da buga cinya, har matar Pangasinan ta taya ta. Aka kira sunan Marcelina, ta shiga, ta miƙa damtse. Mai allurar ta ce ba ta taɓa ganin babbar mace da ke kuka haka tun ba a taɓa ta ba.

Marcelina tana Hawai yanzu, tana gyaran gadaje a otal. Ta je ta tambayi lauya yadda ake ɗauko 'yar yaya, ya ce mata babu irin wannan layin.