Bayan Labulen Baba Ukasha

"Gunki ne, Mma Tica, wallahi gunki ne," in ji Adiza mai koko, tana ɗaure min leda. "Yana bayan labule a ɗakin Baba Ukasha. Sadia ta lungunmu ta ji shi yana magana da abin. Ni dai na cire yarana daga wurin shi kuraa, kwata-kwata."

"Sadia ta gani ne, ko ji ta yi?"

"Ei, Mma Tica! Jarrabawa da safen nan?"

Na koyar a makarantar gwamnati har kaina ya yi fari, kuma na san a unguwarmu Nima magana ta fi ruwan gota, wato kwata, gudu, ta fi shi datti. Amma wannan ba abin dariya ba ne. Maƙwabcina Baba Ukasha yana kwance, asibiti sun ce a kawo shi gida, kuma Malam Fatawu, limamin lungunmu, ya riga ya ce ba zai sallaci gawar mai gunki ba.

Baba Ukasha ne ke koya wa yara zane a rumfar ƙofar gidansa idan an tashi daga makaranta. Suna zana trotro motar haya, kiyos na 'yan tireda, minarar masallaci, komai dai ban da abu mai rai. Yaro ya zana akuya, sai ya ce, "Goge ta. Bar igiyar." Ba wanda ya taɓa tambayarsa inda ya koyi aikin, har ni.

Bayan la'asar na shiga wurinsa. Ɗakin yana warin fenti da man zafi. Ya rame har zobensa ya koma babban yatsa.

"Tica, aiko ki aka yi?"

"Ƙafata ce ta aiko ni. An ce kana da gunki."

Ya yi dariya har ta zama tari. "Ɗaya kawai? Sun raina ni."

Ya ce da ƙuruciya shi ne ke zana fosta wa masu gidan bidiyo, waɗanda ke yawo da talabijin da janareta ƙauye ƙauye. A kan buhun fulawa yake zanawa, don ba ya yagewa a hanya. Mayu, mutum mai kan maciji, mace mai haƙoran kada.

"Fim ɗin ma ba na kallo. In jini ya yi yawa a fosta, ɗaki ya cika. Sai wata Juma'a na ji a wa'azi cewa ranar ƙiyama za a ce wa mai zana abu mai rai ya hura masa rai, kuma ba zai iya ba. Tun ranar, in na rufe ido, suna nan a layi. Kamar masu jiran mota a tashar unguwar Madina. Ba su magana, Tica. Ni suke jira."



"Ɗaga labulen," in ji shi.

Na ɗaga. Na daɗe a tsaye. Daga nan na fita, na sami Malam Fatawu a bakin masallaci yana jan carbi.

"Fatawu, tashi. Ni na koya maka riƙe fensir. Ba za ka yanke hukunci da kunnen Sadia ba."

Ya biyo ni yana gunaguni. A ɗakin, shi da kansa ya ja labulen.

Buhun fulawa ne, an kafe shi da ƙusa a bango. Yarinya ƙarama, mai wushirya, kitsonta ɗaya ya warware. Tambarin masu fulawa yana ɗan leƙowa ta goshinta.

"Nasiha," in ji Baba Ukasha. "'Yata. Shekarar da babban gota ya cika, ya tafi da ita. Ba mu samu abin binnewa ba."

Na tuna shekarar. Maza da dogayen sanduna suna bin gota suna tona shara, har suka ɓace wa gani.

Malam Fatawu ya sassauta murya. "Allah ya jiƙan ta. Ka zana ta kafin ka san hukuncin ke nan, Baba."

"A'a. Bayan na sani."

"Subhanallah! To don me?"

"Malam, na san ba zan iya hura mata rai ba. Amma kafin a ce min hura, ai sai an kawo ta gabana."

 A waje wata mai kenke, dafaffen ƙullun masara, tana kiran ciniki. Malam Fatawu ya saki labulen a hankali, ya zauna a bakin katifa, ya kama hannun tsohon.

Baba Ukasha ya rasu ranar Talata da hantsi. Malam Fatawu ne ya sallace shi. Sahun bai yi tsawo ba.

Babu gunki a ɗakin. Hoton 'yarsa ne.